Tabarmar da Ban Kwanta a Kanta Ba

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci, tambaya. In na zauna a gindin mangwaron da muke majalisa a nan Orozo, tambaya. Wanda ya fi matsa mini shi ne maƙwabcina Bulus, tsohon direban ma'aikata, mutumin Filato, wanda kullum sai ya leƙo ta katanga ya ce, "Baba Sale, wannan tafiya naka, har yanzu ba ka ba mu labarinsa ba." Ni kuwa sai in ce masa burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a yi dariya, in sulale. To, na gaji da sulalewa. Zan rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Saboda mutum ɗaya na yi tafiyar nan, Isuhu. Lokacin da ake gina Abuja, Garki duk jar ƙasa ce da tulin yashi, ni da shi muka yi leburanci a wuri ɗaya. Ni na zo daga ƙauyenmu na ƙasar Kano, shi daga Damagaram. Muka kama ɗakin langa-langa guda, kuma shimfiɗarmu tabarma ɗaya ce tal. In ya juya dole in juya. Shi ne ya fara gaya mini ina minshari, ya ce wannan ba minshari ba ne, injin markaɗe na haɗiye. Yana ce mini Bakano, ina ce masa Ɗan Faransa, ba mu taɓa kiran juna da sunan yanka ba sai in faɗa ya yi faɗa. Ranar da na faɗo daga kan katakon gini na bugu a gwiwa, shi ya goya ni har bakin titi.

Daga baya ni na samu na shiga sayar da bulo, na yi aure, na yi gini a Orozo. Shi ya yi ta gadi a Garki har idonsa ya fara ba shi wahala, ya tattara ya koma gida. Duk wayar da muka yi, ƙarshenta ɗaya ne: "Bakano, yaushe za ka zo ka ga Birni?" Birni shi ne tsohon garin Damagaram, inda gidansu yake. Ni kuma amsata ɗaya ce, bayan Salla. Salloli nawa suka wuce, Allah kaɗai ya sani. Sai bana ƙanensa Habu ya kira ni, ya ce idon Malam ya kusa rufewa gaba ɗaya, in ina so ya gan ni da idonsa, to in zo yanzu. Ga shi kuma matar ɗana Kabiru ta haihu, suna na tafe. Ke nan 'yan kwanaki kaɗan nake da su, in je in dawo kafin a yanka rago.

Kabiru a ma'aikatar gwamnati yake aiki, yana da tabarau da magana a hankali. Da ya ji shirin sai ya ce, "Baba, mutumin nan ba shi da lafiya, kada ka je ka ɗora masa nauyi. Bari in kama maka masauki, ka riƙa zuwa kana gaishe shi." Ya latsa waya, ya nuna mini hoton wani ɗaki da fanka da furen roba a kan tebur, ya ce ga araha, kuma an rubuta kusa da Birni yake.

Ba zan ɗora wa yaron laifi ba, don maganarsa ta faɗa daidai inda nake so. Ku mutanen Abuja kun san halinmu. A garin nan baƙon kirki shi ne wanda zai ce maka kada ka damu, ina da wurin kwana. Wannan shi ake yi wa addu'a. Ni kaina in dangi suka bugo waya daga tasha, sau nawa na ce wa uwar Kabiru ta ce na tafi Keffi, alhali ina kwance a bayan ƙofa? Sannan ina da dalilaina na ɓoye. Minsharin nan ya ƙaru da shekaru. Fitsarin tsufa ba ya bari in kwana a miƙe. Gwiwar nan kuma ba ta yarda da tsuguno, ni kuwa na san irin masai na tsohon gari. Na ƙarshe, wanda ya fi duka, ina so mutanen unguwar Isuhu su ga cewa abokin nan nasa oga ne daga Abuja, ba ya kwana a zauren kowa. Uwar Kabiru ta tambaye ni ko na gaya wa Isuhu an kama mini ɗaki. Na ce sai na je.

Daga Orozo na hau zuwa Karu, daga nan na samu motar Kano. Aka haɗa ni a kujerar gaba da wani mai ƙiba wanda ya yi barci tun kafin Zuba, kansa a kafaɗata har Zariya. Da ya farka ya ce mini shi ba ya iya barci a mota. A Kano kuwa, ku lura da wannan, gidan ɗan ƙanwata na sauka. Ban yi masa waya ba, ban nemi izini ba. Na cinye tuwonsa, na kore shi daga gadonsa, da safe na ce shayin ya yi ruwa. A nan ban ga wani nauyi da na ɗora wa kowa ba.

Washegari muka bi ta Kazaure da Daura zuwa Kwangwalam, bakin iyaka. Aka ce kowa ya fito da takardarsa. Na laluba aljihu na miƙa da ƙarfin gwiwa. Jami'in ya duba, ya duba ni, ya ce, "Baba, wannan katin asibiti ne. Mun dai ji kana da hawan jini, Allah ya sawwaƙe." Duk motar ta ɗauka da dariya. Na samo ta gaskiyar a cikin hula. Sai canjin kuɗi: na ba da dami, aka miƙo mini ganye uku-huɗu masu launi, mai canjin ya ce shi ke nan. Na tsaya ina jiran sauran har ya fara jin tausayina. Muna wuce Ɗan Barto wayata ta yi shiru, layin ya mutu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni, mai fataucin kayan yaji, ta ce haka yake, wayar Najeriya in ta shigo Faransa kunya take ji. Ta ba ni ɗanyen dabino, ta tambaye ni wurin wa za ni. Na ce wurin abokina. Ta ce, "To ka huta, mai aboki a Birni ba ya neman komai." Na gyaɗa kai kawai.

Mun shiga Damagaram da yamma. Ina sauka a tasha sai na hango wani dattijo mai furfura a gemu yana leƙa kowace mota. Na gane shi, Habu ne, ya taɓa zuwa wurinmu a Garki yana saurayi. Ashe tun da aka ce na taso yake zuwa tasha. Me na yi? Na dubi rigata duk ta yamutse, da tabon miya tun daga Kano, na ce ai oga ba ya bayyana haka. Na laɓe a bayan wata motar gawayi har ya juya baya. Mutum da jikoki, ina laɓe kamar wanda ya saci kaza.

A bayan motar gawayin na haɗu da Illa, ɗan acaɓa, su can kabu-kabu suke cewa. Magidanci ne mai rawani da haƙori ɗaya na azurfa, ba ya dariya ko da shi ya faɗi abin dariyar. Na gaya masa sunan masaukin. Ya ce ya san shi. Na ce an ce kusa da Birni yake. Ya ce, "Kusa ne, in kana da raƙumi mai lahiya." Muka yi ta tafiya har gidaje suka fara ƙarewa, awaki suka fi mutane yawa. Ɗakin dai ga shi, ba su yi ƙarya ba. Fankar na nan, furen roba na nan, wuta ce babu. Da aka kawo wutar kuma, ramin bangon ƙanana biyu ne zagayayyu, cajata mai ƙafa uku ta ƙi shiga ko ta wane gefe. Ruwa bokiti ɗaya aka ba ni, aka ce wanka da alwala da komai a ciki, don ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne. Abincin dare burodin nan ne dogo, wanda na yi ta kokawa da shi da sauran haƙoran da suka rage mini.

Mai hankali da gari ya waye sai ya ɗauki jakarsa ya nufi gidan abokinsa. Ni sai na ce wa Illa mu nemi wani masaukin, mai araha, kuma wanda yake kusa da Birni da gaske. Na farko a bakin tasha yake, araha kam har da ban tsoro, amma bangonsa ɗaya da mai gyaran salansa. Na biyu mai kyau ne, da bishiyoyi da tsit, inda ma'aikatan ƙungiyoyi ke sauka. Da aka faɗi kuɗin kwana sai na ce wa mai tsaron ƙofa dama hanya nake tambaya. Na uku mun tarar a rufe, wai mai makullin ya tafi hutun rana, kuma a can hutun rana ba a taɓa shi ko gobara ake yi. Muka zauna a inuwa muna jiransa. Illa ya tambaye ni ba ni da kowa a garin ne. Na ce ina da aboki, amma ba na son in takura masa. Ya dube ni ta gefen rawani. Rabin yini na ƙone a kan babur, a garin da na zo don mutum ɗaya, mutumin kuma yana zaune a zaurensa yana sauraron takun duk wanda ya wuce.

Daga ƙarshe Illa ya kai ni unguwar Zango, gidan wata Hajiya Zainabu mai ba fatake hayar ɗaki na 'yan kwanaki. Ɗaki mai tsabta, da randa, da banɗaki na zama, kuma kuɗin bai fi ƙarfina ba. Daga ƙofarta ana hango duwatsun Birni. Na ji kamar na ci zaɓe. Na yi wanka, na sa babbar riga mai aiki, na fesa turare, na tsaya a wata rumfa na cika cikina da shinkafa da nama don kada in je da yunwa a fuska. Sai bayan la'asar na shiga Birni.

Birni dai lunguna ne ƙanana da ginin ƙasa mai zane a fuskar gida, da manyan duwatsu kwance a tsakanin gidaje kamar giwaye sun yi barci. Ban kalle su sosai ba, ina ta lura da kada rigata ta goga bango. Gidan Isuhu mai ƙofa shuɗiya ne. Yana zaune a zaure, ya rame, da wasu dattawan unguwa kewaye da shi. Na yi sallama. Tun kafin in rufe baki ya ce, "Bakano." Ya kama fuskata da hannu biyu, ya jawo ta har hancinmu ya kusa haɗuwa, ya daɗe yana dubawa da ɗan abin da ya rage masa.

Ya ce, "Ka tsufa. Ka ƙara muni."

Na ce, "Kai da ba ka gani, ina ka san muni?"

Ya ce, "Irin naka ko makaho shina ganinsa."

Dattawan suka yi ta dariya. Ashe duk sun san ni. Sun san labarin gwiwa, sun san injin markaɗe, har ɗaya ya tambaye ni ko har yanzu ina ɓoye nama a ƙarƙashin tuwo. Shekara da shekaru Isuhu yana ba su labarin amininsa na Abuja. Habu ya shigo, ya gaishe ni, ya ce jiya ya yini a tasha, yau ma ya koma. Na ce ai motarmu ce ta yi dare. Allah ya yafe mini wannan.

Sai Isuhu ya ce, "Habu, a shigar da kayansa."

Na gyara zaman riga, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce ai kada su damu, na riga na kama masauki a Zango, tun jiya ma ina garin, ba na son in ɗora wa kowa nauyi.

Wani dattijo ya shiga gyaran carbinsa. Isuhu ya sake hannuna a hankali, ya ce, "To. Madalla. Abuja ta yi kyau." Ni da wautata na ɗauka yabo ne, har na ce masa ai sai godiya.

Aka fara shigo da kwanuka, tuwon gero da miyar kuka, dambu da zogale, farfesun kaza, fura mai sanyi. Cikina kuwa a cike da shinkafar rumfa. Na taɓa nan, na lasa can, na ce alhamdu lillahi. Dattawan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ana kiran magariba Illa ya danna ham a waje. Isuhu ya ce, "Tun yanzu?" Na ce Hajiya tana rufe ƙofa da wuri. Na tafi ina jin daɗin kaina, wai na nuna wayewa.

Da safe ina shan iska a ƙofar ɗaki sai ga Habu. A ƙasa ya tako tun daga Birni, da furfurarsa, kwano a wannan hannu, kwano a wancan, wani a ɗaure cikin ƙyalle ya rataya a kafaɗa. Bai aiko kowa ba, da kansa ya ratso kasuwa kowa na kallo. Ya ajiye, ya ce na gidan liman ne da na gidan maƙera, yau kwanansu ne. Ya gaishe ni da ladabi ya juya.

Hajiya Zainabu tana tsaye da tsintsiya. Ta bi shi da kallo, ta dawo da idonta kaina. Ta ce, "Kai ne baƙon Malam Isuhu?" Na ce ni ne, ina murmushi. Ta ce, "Da na sani da ban ba ka ɗaki ba."

Ta jingine tsintsiyar ta yi mini bayani kamar mai koya wa yaro alwala. A Birni, in mutum zai yi baƙo daga nesa, ba nasa ba ne shi kaɗai. Maƙwabta suna raba kwanakin a tsakaninsu, yau wannan gida ya kai kwano, gobe wancan, kuma a ɗakin mai gida ake kai wa, don a san gidan wane ya yi baƙo. Ta ce tun da aka ji zan zo aka kwashe geron da ke ɗakin zaure aka kai ajiya maƙwabta, aka shafe ɗakin da farar ƙasa, har nan Zango an ji labari. Ɗakin haya na fatake ne da wanda ba shi da kowa. Yanzu abin da ake faɗa a bakin famfo shi ne, aminin nan da Malam Isuhu ya cika wa mutane kunne da shi ya zo, ya ga gidan bai kai matsayinsa ba. Wasu ma suna cewa dama can ba wani aminci, tsoho ne kawai da son labari.

Na ce mata a Abuja wannan mutunci ne. Ta ce, "Nan ba Abuja ba ce, Alhaji." Ni ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba.

Na tura kayana cikin jaka, na aika aka kira Illa. Amma ko a nan sai da halina ya biyo ni. Na ce ai ba zan shiga da jaka a hannu kamar wanda aka kora ba. Na ce wa Illa ya tsaya da ita a lungun bayan gidan, ya kashe babur. Da zarar Isuhu ya ce in dawo gida, ko da wasa ya faɗa, sai in yi kamar na yarda da ƙyar, in ɗaga murya a kawo jaka.

Kafin in zauna Habu ya ja ni gefe, ya tura wata ƙofa a cikin zauren. Bango fari tas, ƙasa an share an yayyafa ruwa, randa da moɗa sabuwa, ga tabarma sabuwa fil a shimfiɗe, mai ja da kore. Ya kai ni bayan ɗakin ya nuna mini masai. An ɗaga shi da bulo, an yi masa wurin zama, an kafa itace a bango na kamawa. Ya ce Malam ne ya sa aka yi, ya ce abokinsa yana da ciwon gwiwa tun Garki, ba ya iya tsuguno. Na tsaya ina kallon bulon nan. Ni da na sayar da bulo rabin rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya yi mini nauyi kamarsa ba.

Na dawo na zauna kusa da Isuhu. Yau babu dattawa, mu biyu ne sai Habu da ke hura gawayin shayi. Muka yi hirar Garki, da ɗan kwangilar da ya gudu da rigar ruwan Isuhu, da ranar da iska ta ɗauke rufin ɗakinmu muna ciki. Ya yi dariya har da tari. Da aka zuba shayi na farko sai na jefa ƙugiyata, na ce gidan Hajiyar nan akwai sauro. Ya ce a sayi maganin sauro, akwai mai kyau a kasuwa. Aka zuba na biyu, na ce kai, zauren nan naka da sanyi mai daɗi. Ya ce ginin ƙasa ne, haka yake. Aka zuba na uku, na ce gobe da sassafe fa zan kama hanya, saboda sunan jikata. Ya ce Allah ya raya ta.

Kalma huɗu ce ko biyar: Isuhu, na zo kwana. Na juya ta a baki har ta yi laushi, ta ƙi fita. Ina jira ya ce, shi kuma ya jingina da bango idonsa a sama. Aka kira magariba, muka yi salla a zauren, kafaɗata a jikin tasa. Aka kira isha'i, muka yi. Na miƙe na ce to, sai da safe. Ya ce Allah ya kai mu. Na zaga lungu na tarar da Illa zaune a kan jakata. Ya dube ni, ya ɗaura ta a babur. Hajiya Zainabu ta buɗe mana ƙofa, ta ga jakar, ta koma ciki.

Da safe na biya sallama. Na same shi a ƙofar gida a tsaye, ya dafa bango, da wani abu a naɗe a hammatarsa. Tabarmar ce. Ya miƙo mini.

Na ce, "Ɗan Faransa, me zan yi da tabarma? Muna da katifa a Abuja."

Ya ce, "Taka ce. Da sunanka aka saye ta, ba wanda zai kwanta a kai. Jiya na ji lokacin da babur ya tsaya a lungu. Na ji an sauke jaka. Ido ne ba ni da shi, Sale, kunnena lahiya lau."

Sale ya ce, ba Bakano ba.

Na ce, "To me ya hana ka ce in shigo da ita?"

Ya ce, "Na faɗa shekaranjiya, a gaban mutane. Jiya taka ce."

Na ce zan dawo bayan Salla. Ya yi ɗan murmushi, ya sake kama fuskata, ya jawo ta kusa kamar ranar farko, ya duba, ya duba. Sannan ya sake ni ya ce in yi sauri kada mota ta cika.

Ban tuna komai na hanyar dawowa ba, sai dai a bakin iyaka wani jami'i ya taɓa tabarmar ya ce tun daga Damagaram ba abin da na samo sai wannan? Na ce ita ma ban cancance ta ba. Ya ɗauka wasa nake.

An yi suna lafiya, an ci rago. Kabiru ya tambaye ni ko masaukin ya yi, na ce fankar na nan kamar yadda ya gani a hoto. Ba a daɗe ba Habu ya bugo ya ce idon ya rufe gaba ɗaya. Har yanzu muna waya da Isuhu. Yana ce mini Bakano, yana tambayar gwiwa, yana tambayar ko uwar Kabiru ta samu barci da injin markaɗe. Sai dai in hira ta ƙare yanzu, Allah ya bar zumunci yake cewa ya kashe. Bai ƙara tambayata yaushe zan zo ba.

Tabarmar tana jingine a kusurwar ɗakina, a naɗe yadda ya ba ni. Uwar Kabiru ta so ta shimfiɗa wa baƙin suna, na hana.

To, Bulus, ga labarin da kake nema. Kwanaki ka ce in ka samu hali kai ma za ka je ka ga tsohon garin, in gaya maka inda ake samun masauki mai araha a wuri mai kyau. Akwai shi. A tsakiyar Birni yake, ƙofarsa shuɗiya, ɗakin fari tas, da randa, da abinci daga gida-gida, har da wurin zama saboda mai ciwon gwiwa, kuma ba a biyan ko sisi. Na gan shi da idona. Yadda kwana yake a cikinsa ne ba zan iya gaya maka ba.